Jan da Ta Ajiye wa Allon Sauka

Ni mai zayyanar allo ne, haka na tarar da mahaifina yana yi. A unguwarmu ta Jega Magaji, in yaro ko yarinya suka sauke Alƙur'ani, zaurenmu ake kawo allon sauka. In liƙa masa farar takarda, in ja layuka, in fitar da gidaje-gidaje a kewaye, in bar fili a tsakiya inda malam zai rubuta Fatiha da farkon Baƙara. Sauka ba kullum ake yin ta ba, don haka sauran kwanakin shekara zanen hula nake yi wa masu ɗinki, da shi ake cefane.

Rabin aikin allon kawai nake yi. Nawa baƙi ne, tawada da alƙalamin kara. Launi kuwa na mai ɗakina ne. Ba ɓoyewa muke yi ba, babu dai wanda ya taɓa tambaya. In na gama jan layi sai in miƙa allon cikin gida, bayan kwana biyu ya fito da ja da rawaya da kore, mutane su yi ta sa mini albarka ina amsawa. Ita 'yar Maiyama ce, kuma duk zuwan da za ta yi ganin gida sai ta dawo da koya, jar ƙasar nan mai santsi, a ƙulle cikin leda. Ta jiƙa, ta tace, ta haɗa da ƙaro don kada ya kakkaɓe. Rawaya daga saiwa take samo ta, kore kuma ta gauraya rawayar da shuni. Da tsinken kaba take cikewa, ta ɗan tauna bakinsa ya yi laushi. Kullum ƙorafinta ɗaya, wai gidajena sun cika matsi kamar ɗakin haya, ni kuma in ce mata hannunta ne ya cika son wuri.

'Ya ɗaya Allah ya ba mu, kuma ta fari ce, saboda haka daga ni har uwarta babu mai kiran sunanta. Uwar ma ta fi ni alkunya. Ban taɓa jin ta yabi yarinyar a gaban mutum ba, in ma wani ya yaba sai ta kau da kai ta shiga wata maganar. Shekarar da yarinyar ta yi nisa a karatu, uwar ta dawo daga Maiyama da wata koya da ta fi ta kullum kyau. Ta tace ta har sau nawa, ta kwaɓa da ƙaro, ta cura ta kamar ƙaramin dunƙulen daddawa, ta shanya a inuwa. Na ce ta sa mini ita a wani allo da ke hannuna, ta ce wannan ba ta aikin mutane ba ce. Ban ƙara tambaya ba, daga baya ma na manta.

Bayan damina zazzaɓi ya kama ta, bai daɗe da ita ba. Na yi duk abin da ake yi. Na zauna a tabarma, mutane suna zuwa suna cewa Allah ya jiƙanta, ina cewa amin. Aka kawo tuwo na ci, kuma ya wuce lafiya lau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na yi ta jiran kukan ya zo, bai zo ba. Ba ƙarfin hali ba ne, kada wani ya yabe ni. Ji na yi kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta, ana taɓawa kana gani amma ba ka ji.

Danginta suka zo aka raba abin da ta bari. Rabon yarinya aka bar shi a ɗakin, tare da tarkacen da babu wanda ya ga ya isa a lissafa, 'yan gwangwanayen launi da tsinkayen kaba da ke kan taga. Ranar da baƙi suka watse na sayo kwaɗo na rufe ɗakin, na jefa makullin a aljihu. In na canza riga sai in canza masa aljihu. Gwaggona ta taso daga Aliero ta zauna da mu, yarinyar ta koma kwana wurinta.

Zanen hula bai tsaya ba, don shi maimaici ne, hannu ya san hanyarsa ko ba ka nan. Allo ne ya gagara. Duk wanda ya kawo sai in ce masa idona na ciwo, in tura shi kasuwa wurin wani da ke liƙa bugaggiyar takarda mai ƙyalli, irin wadda ake bugo ɗari kala ɗaya. Da can in na ga irin allon nan har tsaki nake yi. Yanzu da bakina nake kwatanta wa mutane rumfarsa.

Ana haka har shekara ta zagayo ta wuce. Wata safiya malamin makarantar yarinyar ya yi sallama a zaure, ya ce ta kai ƙarshe, kuma yana so a yi saukarsu kafin azumi ya kama. Ya ajiye mini sabon allo, ya ce ba sai ya yi wa mai gida kwatancen ɗakinsa ba. Na yi godiya, na liƙa takarda a ranar, na jingine shi a bango.

Haka ya zauna fari fat. In na zauna gabansa da alƙalami sai tawadar ta bushe a baki ban ɗiga ko ɗigo ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na san wannan, amma ba shi kaɗai ba ne. A wurinmu in an gama karatu a gaban jama'a, an zaga da allo gidajen dangi, ɗakin uwa ake kai shi a rataye. Duk allon da na taɓa yi na san bangon da zai ƙare a kai. Wannan kuwa bangonsa yana bayan kwaɗo, makullin yana aljihuna.

Yarinyar kuwa, kowace safiya in ta zo sharar zaure sai ta ɗaga allon, ta share ƙarƙashinsa, ta mayar da shi yadda yake. Wata rana gwaggo ta ce a gabanta, in abin ya faskara ai sai a kai kasuwa kamar na kowa. Yarinyar ta ci gaba da tsince shinkafa. Da la'asar na ga kwanon abincinta a rufe ba a taɓa ba. Na gane, kuma na san abin kunya ne 'yar mai zayyana ta tsaya gaban mutane da allon liƙe. Na san shi a kaina kamar yadda na san sunayen ranaku, amma sanin bai motsa hannuna ba.

Ɗan gwaggon nan tawa, taubashina, manomin albasa ne a Aliero, kuma tun muna yara bakinsa ba ya da linzami a kaina. Shi kaɗai ne bai canza mini murya ba bayan rasuwar. Wata rana ya faka tsohuwar a-kori-kurarsa a ƙofar gida da hantsi, ya leƙo zaure ya gan ni gaban allon.

"Malam, har yanzu gadin hwarar takarda kaka yi? Tashi ka raka ni Argungu, injin ban-ruwa za ni ɗaukowa. Ka samu ladar zumunci, tunda ta aiki ta hi ƙarhinka."

Na bi shi don ba ni da dalilin ƙi. Da muka isa aka ce mai gyaran injin bai gama ba, sai bayan azahar. Shi ne ya ce mu shiga gidan kayan tarihi mu rage lokaci, wai ya ji ana cewa masu zane a irin wuraren nan suke satar basira.

Wani mutum mai haƙuri ya zaga da mu. Ya nuna mana masu da takubba, da tambura, da gorunan masunta da homa. Taubashina yana ta tambaya, har da ko wani takobi zai yanka albasa. Ni ina biye da su ina tunanin takalmina da ke matse mini ɗan yatsa. A wani lungu aka jera kayan mata, tukwane da ƙore da ludaya. Akwai wata tukunya da baƙin hayaƙi yake gindinta har yanzu, ga ta a wanke, an ɗora ta a wuri mai tsabta, ba wuta ba miya. Kusa da ita wata ƙwarya ce da aka yi wa zane da ƙarfe mai zafi. Bakinta ya suɗe ta gefe ɗaya, inda hannu ya saba kamawa. Zanen baƙi ne zalla. Mai shi ya ja layuka biyu-biyu, ya karya su, ya bar fili a tsakani bai cika da komai ba, kuma ba za ka ce wani abu ya rage ba. Na miƙa hannu ban sani ba, mutumin ya ce a yi haƙuri, ba a taɓawa. Na janye. Ban ji wani abu ya buɗe a ƙirjina ba. Na dai lura da ita, kamar yadda mutum ke lura da kaya a kasuwa ranar da bai fito saye ba.

Da muka fito muka zauna wurin mai soya kifi. Taubashina yana zare ƙaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ai da na tuna da ba mu sha wahala ba. Kai ma kana da irin wanga gida cikin gidanka. An jera kaya, an ruhe, ba a taɓawa. Su dai sun hi ka kirki, suna barin mutane su shiga su gani. Kai ko ɗiyar mai kayan ba ka bari ba."

Raina ya ɓaci. Na ajiye kifin na ce masa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ce haka ne, amma maƙwabci ke ganin rufin daga waje. Fushin bai kai mu mota ba ya huce, amma na yi mamakinsa, don rabona da jin ko da fushi har na manta.

A hanyar dawowa bai sauke ni a Jega ba. Ya ce injin ba ya jira, sai mun kai shi gona tukun, in ya so ya maido ni. Muka isa Aliero rana ta yi sanyi. Ya shiga haɗa injin da tiyo, ni kuma na sami bakin kwami, wato fangalin shuka, na zauna.

Na sha cin albasar Aliero, na sha ganin ta a buhu, amma ban taɓa zama a gonar iri ba. Albasar iri ba a cire ta a kai kasuwa. Barin ta ake yi ta yi tsiri, kowane tsiri ya ɗauko farin curi a ka, har gonar ta koma fari iya ganinka. Ƙudan zuma suna ta kai-kawo, ruwa ya fara bin kwami yana jiƙa ƙasa, warin albasa da na danshi suka haɗu. Taubashina yana daga can yana mita, wai rabin abin da ya adana a rumbu bana ya ruɓe, wai da ya sani da ya dasa ta duka. Ya zo wucewa ya tuge guda ɗaya da iska ta karya ya jefo mini. Na ga kan albasar an yanke shi kafin a binne, kuma yanzu ba abin da ya rage a gindin sai ɓawo, duk ta zuba kanta a cikin tsirin.

Furen na tsaya kallo. Daga nesa curi ɗaya ne, amma a hannu sai ka ga 'yan ƙananan furanni ne birjik, kowanne a kan siririn karansa, duk sun taso daga wuri guda sun bazu. Wasu sun buɗe, wasu ba su buɗe ba, wasu har sun fara ƙulla iri. Gidaje ne, irin waɗanda nake fitarwa, sai dai babu mai matse wani. Can na duba ƙasa na ga ɗan yatsana yana zana shi a jiƙaƙƙen yashi. Na bi shi da kallo kamar yatsan wani.

Washegari da rana ta fito na jawo allon. Na sa curin albasa a kusurwa huɗu, na haɗa su da layuka biyu-biyu irin na ƙwaryar nan, masu karyewa su bar fili. Na yi gidajen da faɗi, yadda mai ɗakina take so. Ya ɗauke ni kwanaki, ba da wani daɗi nake yi ba, amma hannun yana tafiya. Na yanke shawara zan bar shi baƙi da fari. Tunda mai ƙwarya ya yi haka ya wuce, ni ma zan iya.

Ranar da na gama, yarinyar ta shigo da tsintsiya. Ta daɗe tsaye a kan allon.

"Baba, ba a sa mai ja?"

Na ce babu ja.

"Akwai ja ɗaka," in ji ta. "Inna ta aje shi bisa taga, cikin gwangwanin madara. Tac ce ba na aikin mutane na ba."

Sai a lokacin na tuna da curin koyar. Ita uwar ba za ta taɓa buɗe baki ta ce na allon 'yata ne ba, ko da za a yanka ta. Iyakar abin da alkunya ta bar ta ta faɗa ke nan, kuma yarinyar ta gane tun ranar, ni da nake taƙama da ido ban gane ba.

Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da na ɗiga masa man gyaɗa. Ɗakin yana nan yadda aka bar shi, da ƙura da ɗan sauran ƙamshin turarenta. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran abin da zai same ni, ba abin da ya same ni. Yarinyar ce ta wuce ta ɗauko gwangwanin ta kawo haske. Curin ya bushe ƙamas, kuma a tsakiyarsa ga shatin babban yatsan uwarta, inda ta danna shi yana ɗanye. Har 'yan layukan fatar ana gani. Yarinyar ta ɗora nata yatsan a wurin, ya kusa cikewa.

Koya ba ta aiki sai an jiƙa ta, in kuwa an jiƙa shatin ya tafi. Na ce mata muna iya barin sa haka, allon ya yi kyau ba ja, mu mayar da gwangwanin inda yake. Da gaske nake, har na miƙa hannu in karɓa.

Ba ta ba ni ba. Ta fita da shi tsakar gida, ta ɗebo ruwa a ludayi, ta tsuguna.

"Don shi ta aje, Baba," in ji ta.

Ta tsoma yatsa a ruwan ta ɗiga. Ɗigon ya taru a cikin shatin ya tsaya kaɗan, sannan layukan suka fara narkewa. Ta murza da babban yatsanta har ya koma ja mai kauri. Gwaggo tana bakin murhu tana kallo.

Ban taɓa jin ɗalibi ya sa hannu a allon saukarsa ba, ban kuma taɓa jin an hana ba. Na ɗauko mata tsinken kaba daga taga. Ta tauna bakinsa, kuma ba ni na koya mata ba. Jan bai da yawa, iyakarsa kan 'yan furannin da ke kusurwa huɗu da ɗigo ɗaya a kowace mahaɗar layi. Sauran gidajen muka bar su fari.

Ranar sauka ta yi karatunta ba gargada. Na ji wani dattijo yana cewa da alama lokaci ne ya ƙure wa mai zayyana bai ƙarasa ba, ban gyara masa ba. Taubashina ya karɓi allon ya juya shi, ya ce albasarsa na sata, sai na biya shi kuɗin iri. Bayan an zaga dangi ta dawo da shi da kanta, ta shiga ɗakin uwarta ta rataye a ƙusar da ke saman gado. Daga ranar a ɗakin take kwana. Kwaɗon kuma gwaggo ta ɗauke ta sa wa akurkin kaji.

Kukan bai zo ba har yau, na ma daina jiran sa. Na koma karɓar alluna, baƙi da fari nake yi, wanda yake son launi ya san hanyar kasuwa.

Jan ya maƙale a ƙarƙashin farcen babban yatsanta. Alwala tana cin sa kaɗan-kaɗan, wannan ba yadda za ta yi. Amma kwana biyu bayan saukar na fito daga zaure na same ta tana wanke-wanke a tsakar gida, tana cuɗa kwano da yatsu huɗu, babban ta ɗaga shi sama kada kumfa ta taɓa. Gwaggo tana faɗa, wai wane irin wanke-wanken ganda ne wannan, kwano ɗaya tun ɗazu.

Na ce gwaggo ta ƙyale ta, kwanukan ba sauri suke yi ba.